Tanderun Iya

Maska, 14 ga Satumba, 2021

Yaya Zuwaira,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da aiki, da fatan ruwan Fatakwal ya fara barinki ki yi shanya. Mu nan lafiya lau, alhamdu lillahi. Masara ta yi kyau bana. Ƙafar Mama Hajo ta yi sauƙi, har tana zuwa rijiya da kanta.

Kada ki yi mamakin ganin takarda. Tun da aka kashe layin waya a yankin nan, wayoyinmu sun koma fitila. Mai uzuri sai ya hau mota har wajen Zariya kafin ya samu ya yi kira, ni kuwa ga koyarwa ga goyo. Shi ya sa na ba Dogo, direban da ke ɗaukar hatsi daga Funtuwa zuwa wajenku. Ya ce ya san asibitin da kike aiki.

Dalilin rubutowa, kakarmu Iya ta ƙone a hannu. Kada hankalinki ya tashi, tana nan zaune tana faɗa da kowa.

Kin san al'adarta ta gasa gurasa ranar Juma'a, ba ta canja ba tun kina gidan. Ta kwaɓa fulawa da yammacin Alhamis, ta rufe ƙwaryar da faifai, da safe ta hura wuta a tanderu. Kafin hantsi tsakar gida ta cika da jikoki da 'ya'yan jikoki, har da na maƙwabta da suka naɗa kansu jikoki. Kin kuma san ba ta sa hannu a tanderun sai wuta ta faɗa ta zama garwashi, sannan ta tsoma hannun a ruwa har gwiwa, ta ɗauki kwaɓi ta manna a jikin tukunyar ta ciki. To Juma'ar da ta wuce ba ta jira ba, ba ta kuma jiƙa hannun ba. Wuta na ci ta zura shi. Ina wajen, ina kallo, ban yi saurin tare ta ba don ban taɓa ganin ta yi kuskure a nan ba.

Ƙunar ta kama daga wuyan hannu zuwa kusa da gwiwa. Ko ihu ba ta yi ba. Ta dubi Sadiq ɗana, da ya buɗe baki zai yi kuka, ta ce, "Angona, ka ga abin da nake sha saboda cikinka? Kai ko sabulu ba ka taɓa sayo mini ba." Yara suka yi dariya, ni na kasa.

Mama ta shafa mata zuma, mai kemis ya naɗe da bandeji. Abin da ke damuna ciwon sugan nan nata. Ki gaya mana abin da za mu yi da wanda za mu bari.

Akwai kuma abin da ban gaya wa Baba ba. Ranar Talata ta kira ni da sunan marigayiya mahaifiyarki, Goggo Amatullahi, ta kuma ci gaba da hira da ni a haka. Miya ma sau biyu take sa mata gishiri wani lokaci. Wataƙila tsufa ne kawai.

Kowa na gaishe ki.

Ƙanwarki,
Lauratu


Fatakwal, 22 ga Satumba, 2021

Lauratu,

Wa alaikumus salam. Lafiyata ƙalau, sai aiki. Ki gaishe da Kawu Maitama da Mama Hajo da maigidanki da yara. Dogo na tsaye a ƙofar asibiti yana jira, don haka a gurguje nake rubutu.

Ku tafasa ruwa da ɗan gishiri, in ya huce ku wanke ciwon safe da yamma, ku canja bandeji. Kada a sa toka, kada a sa man goge baki, kada a fasa bororon. In ya fara wari, ko ya canja launi, ko jikinta ya yi zafi, ku kai ta asibiti Funtuwa a ranar, kada ku jira gobe. Na ba Dogo magani da man shafawa, na rubuta yadda ake amfani da su a jikin kwalin.

Lauratu, kin ce kada hankalina ya tashi. Ya tashi. A ɗakin da nake aiki na sha riƙe hannun masu ciwon suga ana yanke musu gaɓa, kuma da yawansu abin ya faro ne daga ƙunar da ba ta kai wadda kika kwatanta ba. Matar da ta shekara sittin tana jiƙa hannu kafin ta sa a wuta, ranar da ta manta, ba hannun ne ke ciwo ba. Gobe mayafinta ne zai kama, gida cike da yara.

Ki gaya wa Kawu, in ji ni, a raba Iya da tanderun nan. Na san ta, in dai yana nan a tsaye sai ta koma masa, ko an ɗaure ta. In babu wata dabara, a fasa shi. Gara ta yi fushi da mu tana da hannu biyu. In wani abu ya same ta bayan na faɗi wannan, ban san da idon da za mu dubi juna ba.

Ki rubuto da zarar kin samu mai zuwa.

Yayarki,
Zuwaira


Maska, 6 ga Oktoba, 2021

Yaya Zuwaira,

Assalamu alaikum. Da fatan kina lafiya. Mu ma lafiya, sai Sadiq da ya yi zazzaɓi ya warke. Har yau ban ga amsarki ba. An ce motar Dogo ta lalace a Lokoja, yana can yana jiran kayan gyara. Ban sani ba ko takardata ta iso gare ki kafin nan. Wannan na ba abokinsa Almustapha.

Albishirinki, hannun Iya ya kama warkewa. Mun kai ta Funtuwa, suka wanke, suka ce mun yi sa'a. Sabuwar fata ta fito, ja kamar ta jinjiri. Juma'a biyu Baba ya hana ta wuta. A cikin kwanakin nan, Yaya, na ga abin da ya fi ƙunar ba ni tsoro. Ta zauna a bakin ƙofar ɗakinta ba ta ce da kowa komai. Ta tambaye ni ko kakanmu Malam ya dawo daga gona, shi da ya shekara goma sha a ƙasa. Tuwo sai an yi da gaske take kai loma uku.

Juma'ar da ta wuce muka wayi gari ta riga ta hura wuta. Baba ya fito zai yi magana, ta ce, "Koma ka sa hularka, ban haifi mai yi mini gadi ba." Ya koma. Na zauna kusa da ita da kwanon ruwa, duk sa hannun da za ta yi sai na ce, "Iya, ruwa." Ta ce, "Ke 'yar boko, ni za ki koya wa ruwa?" Amma tana tsomawa.

Da kin gan ta. Yara sun fi ashirin, ba wanda ta ɓata sunansa. Ta san wanda ba ya cin albasa, ta san wanda ke ɓoye tasa a riga ya dawo layi. Ta yayyafa wa gurasar ruwa, ta barbaɗa garin ƙuli-ƙuli, ta yaryaɗa man gyaɗa, tana yi tana tsokanarsu. Ummukulsum ta Yaya Awwal ta ce a ƙara mata yaji, Iya ta ce, "Ƙawata, bakinki ai ya ishe ki yaji." Bayan an watse ta cinye gurasa guda ita kaɗai, ta tambaye ni labarin makarantarmu, har da sunan hedimasta.

Na lura da abin nan sosai. Daga yammacin Alhamis zuwa daren Juma'a Iyarmu ce sak. Asabar da Lahadi da sauranta. Daga Litinin sai ta fara nisa, har Alhamis ta zo ta ga buhun fulawa, sai ta dawo. Ban san sunan wannan a asibiti ba. Na dai yanke shawara duk Juma'a zan nemi izini a makaranta in zauna mata da kwanon ruwa.

Ƙanwarki,
Lauratu


Fatakwal, 15 ga Oktoba, 2021

Lauratu,

Wa alaikumus salam. Ina lafiya. Allah ya ƙara wa Sadiq lafiya, ya kuma saka miki da alheri. Almustapha ya kawo takardarki jiya, na karanta ta a tsaye, na sake karantawa a zaune.

Akwai takardata a hannun Dogo. In ta iso, ki ɗauki maganin, ki karanta ke kaɗai, ki yaga. Kada ki kai wa Kawu saƙon da ke ciki. Cikin tsoro na rubuta, ban san abin da kika gani daga baya ba. Abin da kike yi shi ne daidai: a bar ta da tanderunta, a zauna kusa da ita. Ki ƙara da ɗaure mata mayafi ta baya, ki kuma ja wa ƙananan layi a ƙasa kada su matso bakin wuta.

Ciwon mantuwa irin na tsufa ba mu da maganin da ke mayar da shi baya. Abin da hannu ya saba shi ke jimawa bai tafi ba, shi ke kuma riƙe sauran. Na san wannan tun a makaranta, tsoro ne ya kore mini shi.

Kin san ina da shekara bakwai aka kai ni gidan Iya, bayan rasuwar Ummana. An ce na yi wata ban yi magana ba. Iya ba ta lallashe ni kamar yadda kowa ke yi ba, ita dai ta gutsuro kwaɓi ta ɗora mini a tafin hannu, ta ce in yi abin da na ga dama da shi. Na yi wani abu mai kama da ƙadangare. Ta manna shi a tanderu tare da na mutane, ta ciro, ta ce, "Wannan na sayarwa ne ko na ci?" Na ce, "Na ci." Maganata ta farko ke nan a Maska.

Tanderun ma da shi ta zo daga Kano lokacin aurenta, a bayan motar itace, tana rungume da shi. Ta sha ba ni labarin. Ki tambaye ta ranar Juma'a, za ki sha dariya.

Ki shafa mini kanta.

Zuwaira


Maska, 19 ga Oktoba, 2021

Yaya Zuwaira,

Assalamu alaikum. Muna lafiya a jiki. Takardunki biyu duk sun iso. Ta biyun yau da safe ta zo, ta farkon ta riga ta da kwana shida.

Ranar Laraba Dogo ya iso. Ina makaranta, sai ya ba Baba a ƙofar gida. Kin san gidan nan, takarda daga wajenki ba a ɗauke ta ta mutum ɗaya ba, labarin kowa ce. Baba ya kira ƙanena Mus'ab ya karanta masa, a gaban dattawan da ke zama a dakalinsa. Mus'ab ya ce da ya kai wajen yanke gaɓa, Baba ya cire hula ya riƙe a hannu. Da ya kai wajen idon da za mu dubi juna, Malam Jibril na masallaci ya ce, "Maitama, likitar gidanku ta yi magana. Dama mutane na cewa kana raye ka bar tsohuwa tana gasa kanta."

Kada ki ga laifinsa da yawa. Tun ranar ƙunar ba ya barci sosai. Kuma a wajensa maganarki a kan lafiya ba shawara ba ce, hukunci ne.

Ranar Alhamis aka tafi da Iya barkar haihuwa Funtuwa. Tana fita Baba ya sa aka kawo diga. Ya fasa tanderun, ya kwashe ɓaraguzan a baro ya kai bayan gari don kada ta gani ta ji ciwo, ya cike ramin, ya daddaɓe wajen ya share. Ko da na zo da la'asar, sai fili. Na yi kuka, na yi masa maganar da ban taɓa yi masa ba. Ya ce, "To ke da Zuwaira wa ya fi sani?" A lokacin ni ma ban san kin janye ba.

Sun dawo da magariba, ba ta bi ta wajen ba. Ta wanke hannu ta kwaɓa fulawarta kamar kullum. Muna tsaye ni da Mama, kowa na jiran ɗaya ya faɗa. Ba wanda ya faɗa.

Da safe ta ɗauko ƙwaryar ta nufi wajen. Ta tsaya. Ta duba dama, ta duba hagu, ta zagaya bayan rumbu ta dawo. Yara sun fara shigowa da kwanoninsu. Sai ta juyo ta ce da su, a hankali, "Ku yi haƙuri, na yi ɓatan kai. Nan ba gidanmu ba ne. Wa zai raka ni gida?"

Baba ya durƙusa ya gaya mata gaskiya, ya ce shi ya fasa, don lafiyarta. Bai ambaci sunanki ba. Ta dube shi ta ce, "Maitama, kai ma nan ka zo?" Yaya, kin san ɗan fari ne, tun da aka haife mu ba mu taɓa jin sunan nan a bakinta ba. Ya tashi ya fita, bai dawo ba sai bayan isha'i.

Mama ta soya kwaɓin ya zama fanke, yara suka ci suka tafi. Ita ba ta taɓa ba. Tun ranar kayanta na ƙulle a ɗankwali, tana jiran mai raka ta gida. Kunu kaɗai take karɓa.

Na tambaya ko'ina. Masu ginin tukwane na nan ba su san ginin tanderu ba, sun ce sai Kano. Me za mu yi?

Lauratu


Fatakwal, 28 ga Oktoba, 2021

Lauratu,

Wa alaikumus salam. Ban san abin da zan ce game da lafiyata ba, ina dai zuwa aiki.

Na nemi hutu, an ce sai Janairu, mu uku ne kacal a ɗakin da ya kamata a ce mu takwas ne. Na yi tunanin in ajiye aikin in taho. Sai na tuna maganin Iya da na Mama daga aikin nan suke fitowa.

Almustapha zai yi lodi zuwa Kano mako mai zuwa. Na roƙe shi ya shiga cikin gari wajen masu gurasa, ya nemi inda ake gina tanderu, ya sayo matsakaici. Na ce ya naɗe shi da katifa ya sa a gaba kusa da shi. A kafa shi daidai inda tsohon yake, bakinsa ya dubi inda wancan ke duba. A ajiye mata kujerarta da kwanon ruwanta a inda suke.

Kafin nan kada ku yi gardama da ita in ta ce ba gidanta ba ne. Ku ce to, za a raka ta an jima. A dama kunun da gyaɗa da madara. Ki roƙi iyayen yaran su riƙa turo su ko babu gurasa.

Ki gaya wa Kawu abin da na rubuta shi ya yi, ba abin da ya ga dama ba. Wannan takardar ki karanta masa da bakinki.

Ki rubuto ko layi biyu ne. Duk motar hatsi da ta wuce ƙofar asibiti sai na leƙa.

Zuwaira


Maska, 21 ga Nuwamba, 2021

Yaya Zuwaira,

Assalamu alaikum. Ki yi haƙuri da shiruna, na so in samu abin daɗin da zan rubuta ne. Kowa lafiya. An gama yankan dawa. Iya ta rame, amma tana tashi da kanta, tana salla in an tuna mata.

Na roƙi iyayen yara kamar yadda kika ce. Juma'ar farko sun zo da dama, suka zauna suna kallonta tana kallonsu, suka zame ɗaya bayan ɗaya. Ta biyu 'yan gidanmu ne kawai. Ban ga laifinsu ba, yara ne.

Tanderu ya iso lafiya, ko tsaga babu. Baba bai bar kowa ya taɓa ba. Shi ya haƙa ramin, shi ya kwaɓa jar ƙasa da ƙafarsa, ya ɗaure shi, ya yi kwanaki yana hura masa ƙaramar wuta don ya bushe a hankali. Mutumin da ko ruwan alwala ba ya ɗibar wa kansa.

Da ya gama ya kamo hannun Iya ya kawo ta. Ta shafa bakin tanderun, ta ƙwanƙwasa shi da yatsa, ta saurara. Sai ta ce, "Mai kyau ne. Ku mayar wa mai shi da wuri, kayan aro ba ya kwana." Ta koma ɗaki.

Ranar Alhamis na ajiye buhun fulawa a ƙofarta, na buɗe bakinsa. Ta tsallake shi ta wuce. Na kawo ƙwarya da yis da ruwa na zauna a gabanta, na fara kwaɓawa a karkace da gangan, ko za ta ƙwace. Ta kalle ni kamar mai kallon ruwan sama.

Sai na ce to ni zan gasa, wataƙila ƙamshin ya kira ta. Yaya, sai a ranar na gane duk cikinmu ba wanda ya iya. Shekara da shekaru muna zaune muna miƙa kwano, ba ta taɓa barin kowa ya sa hannu ba, mu ma ba mu taɓa nacewa ba. Mus'ab ya bi gida gida ya tattaro yara. Na hura wuta, na jira ta faɗa, na jiƙa hannu. Ta farko ta ɓalle ta faɗa garwashi. Ta biyu ma haka. Waɗanda suka manne, bayansu ya ƙone cikinsu ɗanye. Gashin hannuna duk ya babbake. Yara dai sun ci, ƙuli-ƙuli ya rufa mini asiri.

Hayaniyarsu ce ta fito da ita. Ta zauna a tabarma a tsakiyarsu, Sadiq ya hau cinyarta, ba ta ture shi ba, ba ta kuma tsokane shi ba. Na zaɓi wadda ta fi dama na kai mata. Ta gutsura, ta daɗe tana taunawa. Ta juya gurasar ta dubi bayanta, ta matsa ta da yatsa.

Ta ce, "Wace ce ta gasa wannan?"

Na ce, "Ni ce, Iya."

Ta dube ni da irin fara'ar da take yi wa baƙi. Ta ce, "Sannu da ƙoƙari, 'yar nan. Kwaɓinki bai tashi ba, wuta kuma ta yi miki yawa. Ba ki da kaka a gidanku da za ta nuna miki?"

Baba na tsaye a bakin zaure, ya juya mana baya.

Na ce, "Ina da ita."

Ta ce, "To ki je ki same ta tun tana nan. Kada ki yi nauyin ƙafa."

Na ce to.

Ta cinye rabin gurasar, wanda rabon da ta ci abu mai nauyi haka tun watan jiya. Saboda rabin nan na sake sayo fulawa, Juma'a mai zuwa zan sake gwadawa. Ban san ko daidai nake yi ba. In akwai abin da kika sani wanda ban sani ba, ki rubuto. In babu, ki rubuto duk da haka.

Ƙanwarki,
Lauratu